Littattafan tsofaffin ɗaliban jami'o'in Katsina: ina suke shiga bayan ranar ƙaddamarwa?

A 'yan shekarun nan, da wuya wata ya kama ya ƙare ba a ga katin gayyatar ƙaddamar da littafi yana yawo a wayoyin mutanen Katsina ba. Wanda ya saba juya littafi ya duba bayansa, wurin da ake sa hoton marubuci da taƙaitaccen tarihinsa, zai lura da wani sauyi. A da, Bakatsinen da ya wallafa littafi, tarihin karatunsa Zariya yake nunawa, ko Kano, ko Sakkwato. Yanzu sai ka ga an rubuta ya yi digirinsa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko a Al-Qalam, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya bayyana dalili. An kafa Al-Qalam a 2005. Jami'ar jiha, wato ta Umaru Musa 'Yar'adua, ta biyo baya a 2006, ɗalibanta na farko suka shiga aji a 2007, ta Dutsin-ma kuma ta zo a 2011. Yaron da ya fara karatu a 2007 yana ɗan shekara ashirin, yau ya doshi arba'in. Ya yi hidimar ƙasa, ya yi aiki ko ya sha neman aiki, ya yi aure, wataƙila ya koma ya ƙaro digiri na biyu da na uku. Shekarun da mutum yake jin yana da abin faɗa ke nan. Jami'ar sufuri da ke Daura ba ta kai nan ba tukuna, amma ita ma lokacinta yana tafe.

Wannan abin farin ciki ne, kuma ina cikin masu murna da shi. Damuwata tana kan abin da ke faruwa da littafin wata shida bayan an watse daga ɗakin taro. Sau da yawa idan ka neme shi a kantin littattafai babu, a ɗakin karatu babu, ɗaliban sashen da marubucin ya fito ba su taɓa jin sunansa ba. Ragowar kwafin yana cikin kwali a ɗakin marubucin, ko a bayan motarsa.

Kafin a yi maganar magani, sai an san abin da ke cikin tulin, domin littattafan ba iri ɗaya ba ne kuma ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Akwai ƙagaggun labarai da waƙoƙi, da Hausa da Turanci. Akwai littattafan addini, wasu da Larabci, waɗanda galibi sun fi samun kasuwa saboda suna da hanyarsu ta makarantun Islamiyya da bakin masallatai. Akwai tarihin rayuwar sarakuna da attajirai da 'yan siyasa, wanda yawanci mai tarihin ne ko iyalansa ke ɗaukar nauyi. Akwai kundin karramawa da almajirai ke haɗa wa farfesan da zai yi ritaya. Sai kuma kashi mafi nauyi a wajen masu ilimi, wato littafin da aka samo daga kundin digiri, da wanda malamin makaranta ya rubuta domin neman ƙarin girma.

Tsarin ƙarin girma a manyan makarantunmu yana ƙidaya abin da malami ya wallafa, a ba kowace maƙala da kowane littafi maki. Manufar mai kyau ce, amma ta haifar da littafin da ba a rubuta shi domin mai karatu ba. Kwamitin tantancewa ake nufi da shi, kuma da zarar an ga sunan marubuci da lambar littafi a bango, aikinsa ya ƙare. Wani lokaci ma bayanan darasi ne aka tattara aka yi musu bango, ɗalibai suka saya saboda tsoron jarrabawa. Irin wannan yana zubar da darajar littafi na gaske a idon ɗalibi, har ya fita jami'a yana ganin duk littafin malami wata dabarar karɓar kuɗi ce.

Kundin digiri matsalarsa daban. A cikinsa ake samun bincike na haƙiƙa: wani ya yi shekara biyu yana bin ƙauyukan Bakori da Funtua kan noman auduga, wata ta zauna da tsofaffin mata a Daura tana ɗaukar waƙoƙin niƙa da na aure, wani ya bi diddigin cinikin kan iyaka a Jibiya. Sai dai an tsara kundi ne domin mutum uku ko huɗu da za su jarraba mai shi. Babi na ɗaya shimfiɗa, babi na biyu bitar ayyukan da suka gabata, babi na uku hanyoyin gudanar da bincike. Mai karatu na gari ba zai jure shafi saba'in na wannan kafin ya iso inda labarin yake ba. Mayar da kundi littafi sabon aiki ne, ana zubar da kusan rabi, a sake tsara sauran, a sauya murya. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani, sunan jami'a da shafin sa hannun masu dubawa kawai aka cire aka kai maɗaba'a.

Muna da misali na gida a kan yadda ake yin abin. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya kammala kundin digirinsa na uku kan tarihin Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974. Littafin bai fito ba sai 1981, daga maɗaba'ar jami'ar, kuma zangon tarihin da ke jikin sunan littafin shi ne 1400 zuwa 1883. Shekara bakwai ke tsakanin kundin da littafin. Har gobe ba a rubuta tarihin sarautar Katsina ba tare da an koma gare shi ba, ko don a yarda da shi ko don a yi jayayya da shi. Hazaƙar mai shi ba abin musu ba ce, amma a lura da abin da ke bayansa: sashen tarihi mai rai inda ake tsefe aikin juna, da maɗaba'ar jami'a mai editoci, da ɗakunan karatu da suka saya suka adana.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi lanƙwasa komai. Masana'antun takarda uku da Nijeriya ta gina, na Jebba da Iwopin da Oku Iboku, sun daɗe da durƙushewa, don haka mafi yawan takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma dala yake bi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya je maɗaba'a a Kano ko Kaduna ko Zariya tsakanin waɗannan shekaru ya ji a jikinsa. Ga kuma yadda injin ɗab'i yake aiki: kuɗin shirya faranti da tayar da inji ɗaya ne, ko kwafi 300 za a buga ko 3,000. Mai ƙaramin ƙarfi da ya buga kaɗan, kowane kwafi nasa ya fi tsada, ga shi kuma shi ne ba shi da hanyar sayarwa. Idan ya kai kanti, mai kanti zai karɓa ne a kan sai an sayar ya biya, ya cire nasa kaso, kuma babu mai tabbacin yaushe.

Daga nan bikin ƙaddamarwa ya samo ƙarfinsa. Mu duka mun san yadda yake. An cika ɗakin taro, an zaunar da uban taro da babban mai ƙaddamarwa a kan dandamali, an naɗe kwafi biyar da kyalle mai ƙyalli. Mai sharhi ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan littafi ya zo a kan gaɓa," ya karanto sunayen babobi, ya yabi ƙoƙarin marubuci, ya zauna. Sai a shiga abin da ya tara jama'a: Alhaji wane ya sayi kwafi biyu a kan kaza, mai girma wakilin wane ya yi alƙawarin kaza. Marubuci yana murmushi, zuciyarsa tana lissafin bashin maɗaba'a. Washegari kuma ya fara zaryar bin alƙawura, wasu su cika, wasu a yi ta ce masa Alhaji ya yi tafiya.

Ba na zargin marubucin da ya yi haka, domin ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa ya mayar da kuɗinsa. Amma tsarin yana da illar da ba a cika faɗa ba. Idan kuɗin littafi daga mutum goma masu hali zai fito a rana ɗaya, to su za a rubuta wa littafin. Shi ya sa tarihin manya ya yi yawa, kuma kusan dukkansa yabo ne. Littafin da ya binciki yadda aka raba filaye a wata ƙaramar hukuma, ko yadda taki ke ɓacewa tsakanin ma'aikata da manomi, wa zai zo ya ƙaddamar da shi? Kuma kwafin da manyan suka saya da tsada, akasari ba a buɗe su.

Katsina ta taɓa ganin wani tsari daban, kuma ginin da abin ya faro yana nan tsaye, an mayar da shi gidan tarihi. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ba jami'a ba ce, amma ita ce makaranta mafi girma a Arewa a lokacinta. Da Baturen nan Rupert East na ofishin talifi da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, aƙalla uku daga cikin littattafai biyar da aka buga suna da alaƙa da kwalejin. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, tsohon ɗalibinta ne, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma a nan ya yi karatu. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, yayan Imam, malami ne a kwalejin. Fiye da shekara casa'in ke nan, kuma har yau ana samun waɗannan littattafai a kasuwa.

Ana yawan cewa ai mutanen da ne, ba a yin irinsu. Ni ban gamsu da wannan bayani ba. Matasa ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, Imam da Tafawa Ɓalewa, kuma aikinsu na farko ke nan. Abin da suka samu shi ne wanda ya karanta rubutunsu da idon gyara kafin a buga, ya ce a cire nan, a ƙara can. A 1936 an ɗauke Imam zuwa Zariya na tsawon watanni domin ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, ba ya tunanin kuɗin takarda ko na ɗab'i. Bayan an buga, makarantu suka karɓa. Da Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa (NNPC) da ke Zariya a 1966, aka ci gaba da sake bugawa. Gaskiya ne Turawa don buƙatarsu suka yi, suna neman abin da 'yan makarantar boko za su karanta, kuma sun tace abin da bai yi musu ba. Duk da haka darasin a fili yake: akwai edita, akwai maɗaba'a, akwai mai rarrabawa, akwai mai sake bugawa. Marubucinmu na yau shi kaɗai ne duk waɗannan, ya noma ya girbe amma ba shi da rumbu.

Akwai tanade-tanaden hukuma, sai dai yawancin matasan marubuta ba sa cin moriyarsu. Ɗakin Karatu na Ƙasa shi ke ba da lambar ISBN, mai lamba 13, wadda da ita ake gane littafi a ko'ina a duniya. Dokar 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya kai kwafi uku na duk abin da ya buga a adana. Ka ɗauki littattafan da ake ƙaddamarwa ka buɗe shafi na biyu. Za ka ga wani ba shekarar bugu, wani ba sunan maɗaba'a sai lambar waya, wani kuma lambar da ke jikinsa mai ɗab'i ne ya manna, ba tare da marubucin ya san ko an yi mata rajista da sunan littafinsa ba. Littafin da ba a kai ajiya ba, ba ya cikin ƙidayar ƙasa, kuma mai bincike da zai zo bayan shekara talatin ba shi da hanyar sanin an taɓa yin sa.

Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a kan harajin ilimi da kamfanoni ke biya a lokacin, yana da tsarin tallafa wa mayar da rubutun malamai littafi. Ya taimaka, musamman wajen littattafan koyarwa. Amma iyakarsa makarantun gwamnati, kuma ta hannun ma'aikatansu ake nema. Ke nan jami'a mai zaman kanta irin Al-Qalam tana waje. Haka tsohuwar ɗalibar da ke koyarwa a sakandare a Mashi, da wanda ke aikin jinya a Malumfashi, da ɗan jaridar da ke gidan rediyo. Mafi yawan tsofaffin ɗalibai ba a jami'a suke aiki ba, kuma su ne suka fi kusa da rayuwar da ya kamata a rubuta.

Wani rukuni kuma ya bar takarda gaba ɗaya. Marubutan intanet, waɗanda mata suka fi yawa a cikinsu kuma da dama sun yi jami'a, suna sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu su tura 'yan ɗaruruwan naira a saka su a zauren da ake ci gaba. Idan yawan masu karatu ake magana, sun yi wa marubutan takarda nisa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna irin gwanintar da ke cikinsu. Nasu ciwon shi ne sata da ɓacewa. Kafin marubuciya ta kai babi na goma, wani ya haɗa na baya ya watsa kyauta, duk da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Da dandalin OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, an ga yadda kantin da ke cikin waya yake iya tashi dare ɗaya. Jami'o'inmu sun taɓa yi wa adabin kasuwar Kano kallon raini kafin daga baya su dawo suna rubuta kundaye a kansa, suna neman kwafin da ya riga ya ɓace. Bai kamata a maimaita wannan da marubutan waya ba.

To me jami'a za ta iya yi, alhali ita ma tana kukan kuɗin lantarki da albashi? A ganina abin da ya fi muhimmanci shi ne mafi arha. Rajista ce, wadda duk tsohon ɗalibin da ya wallafa wani abu zai aiko da sunan littafi da shekara da harshe da inda ake samunsa, tare da kwafi biyu ga ɗakin karatu, a ware musu kanta guda a wurin da ɗalibai ke wucewa. A riƙa fitar da jerin duk shekara lokacin bikin yaye ɗalibai, a kuma ajiye tebur a harabar bikin inda iyaye da baƙi za su saya. Ɗan aji ɗaya da ya ga littafin wanda ya zauna a kujerar da yake zaune shekara goma da suka wuce, tunaninsa game da kansa zai sauya. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini, ma'aikacin ɗakin karatu ɗaya mai kishi ya isa ya fara.

Amma jeri kaɗai yana da haɗari, domin yana iya zama wani dandalin yabo, a jera mai kyau da maras kyau a tafa wa kowa. A nan ne halinmu na Katsinawa yake shigowa. Muna alfahari da kara da kunya, kuma halaye ne na ƙwarai a zaman tare. Sai dai a fagen sharhin littafi suna ɗaure harshe. Malamin da aka gayyata ya yi sharhi ya ga kurakuran ƙa'idojin rubutu tun daga bango, ya ga an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ya ga babin da aka kwaso daga aikin wani ba a ambace shi ba, amma marubucin ɗalibinsa ne, mahaifinsa kuma yana zaune a sahun gaba. Ba zai faɗa ba, kuma ni ma a wannan zaure ba zan so ya faɗa ba. Wurin faɗar tun kafin haka ne, lokacin da rubutun yake hannu ba a kai shi maɗaba'a ba. Gyaran da aka yi a ɗaki tsakanin mutum biyu ba ya kunyata kowa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna tara kuɗi don liyafar cika shekara goma da ɗinkin anko. Kaɗan daga cikin wannan zai biya malaman Hausa da Turanci da Larabci, har da waɗanda suka yi ritaya suna zaune a gari, su riƙa duba rubutu uku ko huɗu a shekara, wanda ya tsallake a sa masa tambarin ƙungiya. Cikin 'yan shekaru mai saye zai gane cewa littafin da ke da wannan tambari an tace shi.

Akwai kuma batun harshe. In ban da sassan Hausa da Larabci, da Turanci ake rubuta kundaye, don haka manomin da aka yi bincike a gonarsa da ungozomar da aka yi hira da ita ba za su taɓa sanin abin da aka gano ba. Ƙaramin littafi na Hausa mai shafi sittin, wanda ya ɗauko zuciyar binciken ya faɗe ta a sauƙaƙe, ya fi arhar bugawa, ya fi saurin sayuwa, ana kuma iya karanta shi a rediyo. Tsarin ba da maki ne bai cika daraja irinsa ba, kuma majalisun jami'o'i suna da ikon gyara wannan a cikin gidansu.

Abin da ya sa nake ganin maganar tana da gaggawa shi ne halin da yammaci da kudancin jihar suka shiga fiye da shekara goma. Ɗaliban da suka fito daga Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa sun yi karatu iyayensu suna gudun hijira. Wasunsu ƙannensu na cikin yara fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Da yawa sun rubuta kundayensu a kan wannan, sun yi hira da masu unguwanni da matan da aka kashe wa mazaje da Fulanin da su ma aka raba da shanunsu, sun ɗauki muryoyin a waya. Wayoyin suna lalacewa, tsofaffin da aka yi hirar da su suna rasuwa, kundayen kuma suna jibge a ɗakunan ajiyar sassa. Babu attajirin da zai zo ya ƙaddamar da irin wannan littafi, kuma marubucinsa ba zai iya biyan maɗaba'a daga albashin koyarwa ba. Idan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko maɗaba'ar jami'a za ta zaɓi rubutu ɗaya tak ta fara da shi a bana, daga cikin waɗannan ya kamata ta ɗauko.